Masauki a ƙauyen Hongu: wa ya taɓa zuwa Kumano da iyali?

Baban Walid, Osaka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu sanin ƙasar nan. Karatuna zai ƙare a Satumba in Allah ya yarda, kuma har yau Japan ɗin da Maman Walid ta sani ba ta wuce Osaka da Kobe ba. Wani abokin karatuna ɗan ƙasa ya ce in muna son ganin ƙauye na gaske mu je Hongu a lardin Wakayama, inda wurin bautar Kumano Hongu Taisha yake, mu daidaita tafiyar da bikinsu na 13 zuwa 15 ga Afrilu. Na duba intanet, otal irin wanda na sani ban gani ba, sai wasu ƙananan gidaje. A ina ake kwana? Me za mu ci? Kuma me yaro ɗan shekara huɗu zai iya gani ba tare da na yini da shi a wuya ba?

Injiniya, Nagoya: Wa alaikumus salam. Abokinka bai yaudare ka ba. Garin Hongu kansa masaukansa kaɗan ne, yawancin baƙi a ƙauyuka uku na ruwan zafi suke kwana: Yunomine, Kawayu da Wataze. Duk suna kusa, 'yan mintoci ne a bas. Ƙananan gidajen da ka gani su ne minshuku, gidan mutum ne ya ware ɗakuna uku ko biyar ya saka baƙi. Ryokan, wato masaukin gargajiya na Japan, ya fi girma ya fi tsada. Dukansu kuɗin kai suke karɓa ba kuɗin ɗaki ba, kuma galibi da abincin dare da na safe a ciki, don haka in ka ga farashi ka ninka shi biyu ka tambayi na yaro. Akwai kuma harajin wanka na yen 150 a kan kowane babba.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce shafin Kumano Travel, na hukumar yawon buɗe ido ta birnin Tanabe. Sai dai ba irin wanda za ka danna a ce an gama ba ne. Buƙata kake aikawa, su tuntuɓi mai gidan, su dawo maka da amsa bayan 'yan kwanaki. Da yawa daga masu gidajen tsofaffi ne, ba sa Turanci, wasu har yanzu da littafi da biro suke rubuta baƙi. Ka aika yau. Afrilu lokacin Turawa masu tafiyar ƙafa a tsofaffin hanyoyin ziyara na Kumano ne, tun watanni kafin nan suke cinye ɗakunan.

Anti Hajiya, Kobe: Ƙanena, maganar abinci ita ce babba, kuma a cikin takardar neman ɗakin ake yin ta, ba ranar da kuka iso ba. Matar gidan ta riga ta yi cefane a kan adadin bakunan da za ta ciyar, babu wani kanti a bayan gida da za ta ruga ta canjo. Ka rubuta a fili: ba ma cin nama kowane iri, muna cin kifi da ƙwai da tofu da ganye. Kada ka ce "ban da alade" kawai. Yankin nan mafarauta ne, aladen daji da barewa suna shiga tukunya, kuma ko kaza ce ba yankanmu ba ne. Sannan ƙarfe shida ake zama cin abinci, kowa da kowa. In za ku makara ku buga waya, don hankalinsu tashi yake, su ɗauka baƙo ya ɓata a dutse.

Injiniya, Nagoya: Ka ƙara da sunayen abubuwa ɗaya bayan ɗaya: hamu, bekon, sosej. Wani gida da na sauka na rubuta ba na cin nama, da dare suka kiyaye tsaf, da safe sai ga ƙwai an soya shi a kan yankan hamu. A lissafin tsohuwar wannan kayan karin kumallo ne.

Ustaz, Sendai: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri zan dawo da ku baya kaɗan. Kowa ya kama maganar ɗaki da tukunya, ba wanda ya tambayi zuwan kansa. Wurin nan ba gidan tarihi ba ne da aka rufe, wurin bauta ne da ake bautar wanin Allah a cikinsa yau ɗin nan. Kuma Baban Walid ba wucewa zai yi ba, ranar bikinsu ya zaɓa, zai ɗauki matarsa da ɗansa ya kai su. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Ƙauyuka sun ƙare ne a Japan?

Baban Walid, Osaka: Allah gafarta Malam, wallahi ni ma abin ya ɗarsu a raina, shi ya sa ban yi gaggawar biyan kuɗi ba. A ci gaba, ina saurare.

Dakta, Kyoto: Malam, da girmamawa, ina ganin akwai bambanci tsakanin mai kallo da mai yi, kuma su kansu Japanawa sun san bambancin. Ibadarsu a wurin sananniya ce: a wanke hannu da baki a kwamin da ke bakin ƙofa, a jefa kwabo a akwati, a rusuna sau biyu, a tafa sau biyu, a sake rusunawa. Wanda bai yi ba babu mai tsare shi, babu mai ko kallonsa. Mu da muka tashi a Kano muna hawa Dala, kowa ya san labarin Barbushe da Tsumburbura, ba a taɓa cewa mai hawa ya yi tsafi ba.

Kuma akwai abin lura a Hongu ga mai son lura. Asalin wurin ba inda yake yanzu yake ba. A Oyunohara yake, wani tsibirin yashi a mahaɗar koguna, ya yi ɗaruruwan shekaru a can. A Agustan 1889 ambaliya ta share mafi yawan gine-ginen, waɗanda suka tsira aka kwashe su zuwa kan tudu a 1891, shi ya sa yanzu sai ka hau matakala 158 kafin ka isa. Ambaliyar nan ce ta tashi mutanen Totsukawa da ke maƙwabtaka, dubbai suka yi ƙaura har Hokkaido suka kafa sabon gari da sunan tsohon. A tsohon filin yanzu babu komai sai itatuwa da ciyawa da ƙananan ɗakunan bauta biyu na dutse da wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe mai tsawon kusan mita 34 da aka kafa a 2000 a tsakiyar gonakin shinkafa. Sarakunan Kyoto sun yi ta zarya zuwa wurin tun ƙarni na 11 da na 12, Go-Shirakawa shi kaɗai ya je fiye da sau 30, tafiyar kusan wata guda zuwa da dawowa. Daga baya talakawa suka biyo, har aka riƙa kamanta jerin gwanonsu da na tururuwa. Wanda ya tsaya a filin nan ya ga abin da ruwa ya yi wa wurin da sarakuna suka yi wa tattaki, ban ga yadda imaninsa zai ragu ba.

Ustaz, Sendai: Dakta, Allah ya ƙara ilimi, amma misalinki bai zauna ba. A Dala yau ba wanda ke yanka wa Tsumburbura baƙin bunsuru. A Hongu kuwa ana yi, kuma ranar 15 ga wata za a ɗauko abin bautarsu a kafaɗa a zaga da shi har Oyunohara ɗin da kike faɗa. Tsayawa a filin ranar da ba kowa, don ganin aya, wannan ban ce komai ba. Tsayawa cikin taron ranar biki ƙara musu yawa ne. Nan ne na tsaya.

Dakta, Kyoto: To ai mun rage tazara, Malam. Saura bikin kawai.

Ɗan Maraɗi, Tsukuba: Ku dakata, mi a ka yi cikin bukin ga? Ku hwaɗa muna mu san abin da a ka gardama bisa gare shi.

Injiniya, Nagoya: Na ga na ranar 13, shi ake kira Yunobori Shinji. Iyaye maza ke zuwa Yunomine da ƙananan 'ya'yansu maza, su yi wanka a ruwan zafin, a sa wa yaran tufafin gargajiya masu launi, a rubuta musu wani harafi da ja a goshi. A imaninsu abin bautar ya sauka a jikin yaron, don haka ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba sai a wuraren da aka keɓe. Uban zai saɓa shi a wuya ya haura dutse da shi ta hanyar Dainichi-goe har Oyunohara. Hanyar gajera ce amma tsaye take, saiwoyi da duwatsu, ni da ba na ɗauke da kowa sai da na zauna hutawa. Za ka ga uba gumi na zuba, yaron ya yi barci a kansa, hular ta karkace, ana kaɗa ganga ana tafiya. Ranar 15 kuma jerin gwano ne, sai yamabushi, wato masu zuhudun duwatsu, su hura wuta da ɗanyen ganye, a ƙarshe a watsa wa jama'a mochi, wato curin shinkafa da aka kirɓa.

Baban Walid, kai da ka ce ba ka son yini da yaro a wuya, ka zaɓi bikin da ya dace da kai.

Baban Walid, Osaka: Injiniya ka ji tsoron Allah. Walid yanzu ya fi buhun shinkafar da muke saya nauyi.

Dakta, Kyoto: Zan ba Malam gaskiyarsa a wuri ɗaya. Mochin da ake watsawa na bikin ne, kuma yaro in ya ga yara na wawaso ba ka iya riƙe shi. In ni ce zan kalli na 13 daga bakin hanya a Yunomine, inda dama nan masaukina yake, in bar na 15. Layun da ake sayarwa da hatimin da ake buga wa baƙi a littafi, su ma a bar musu kayansu.

Ustaz, Sendai: Ni ko na 13 ɗin ba zan je ba. Amma na faɗi abin da na sani, kowa da abin da zai amsa. Baban Walid, ka tambayi malamin da ka yarda da shi, kada ka tsaya a kan maganata ko ta Dakta.

Anti Hajiya, Kobe: To madalla, a bar wannan haka. Ni abin da ya fi damuna Maman Walid ce da maganar wanka, don ita ce za a bari da jin kunya. A yawancin gidajen nan ɗaki ba shi da banɗakin wanka. Wuri ɗaya ne na maza, ɗaya na mata, kuma tsirara ake shiga, ba a yarda ko tawul ya taɓa ruwan ba. Mu wannan ba namu ba ne, ko mata zalla ne. Abin da za ka nema a takardarka shi ne kashikiri, wanka na iyali da ake kulle ƙofa. Ƙananan minshuku da yawa dama haka suke yi, ɗaki-ɗaki ake shiga, ka juya allon ƙofa ka sa sakata. A Wataze ma akwai na iyali a waje masu katanga.

A Yunomine kuma akwai Tsuboyu, wata 'yar bukkar katako a kan rafi, cikinta rami ne a dutse da bai wuce mutum biyu ba. Ana sayen tikiti a ba ka lamba, in layi ya zo kanku ku shiga ku kulle, minti 30 naku ne. Yana cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2004 tare da hanyoyin ziyarar Kumano. Ruwan da zafi sosai, akwai famfon ruwan sanyi a ciki, a surka kafin a sa yaro.

Injiniya, Nagoya: Kawayu kuma kogin ne kansa. Ka tona tsakuwa a bakin kogin Oto, ruwan zafi ya ɓuɓɓugo, ka buɗe masa hanya ya haɗu da na sanyi. A nan da kaya ake shiga. Babban tafkin da suke yi, Sennin-buro, daga Disamba ne zuwa Fabrairu, ba za ku same shi ba. Amma ba wa Walid shebur ka ga ikon Allah, sai kun ɗauke shi da kuka. Fili ne dai, maza da mata, wasu kuma kayan nasu ba su kai kaya ba. Ku je da sassafe.

Ɗan Maraɗi, Tsukuba: Malam, tambaya ta gaskiya. Ruwan ga da ka warin farar wuta, launi nai ma ya sake, alwala ta yi da shi?

Ustaz, Sendai: Ta yi. Abin da muka karanta a fiƙihun Malikiyya, ruwan da ya canza saboda mazauninsa, kamar gishiri ko farar wuta ko laka, yana nan a kan tsarkinsa kuma yana tsarkakewa. Wanda ke fita daga hukuncin shi ne wanda wani abu daga waje ya canza shi, kamar sabulu. Sallah kuma ba matsala, a kan tatami, tabarmar da ke shimfiɗe a ɗakunansu, ba a hawa da takalmi, shimfiɗa darduma kawai. Alƙibla yamma ce ta ɗan karkata arewa. Tafiyar ta kai ta ƙasaru. A dai kauce wa Juma'a, don ba masallaci a duwatsun nan.

Dakta, Kyoto: Malam ya hana tafiya kuma ya ba da guzuri.

Ustaz, Sendai: Wanda zai tafi gara ya tafi da sallarsa daidai. Tunda kuma an taɓo, saura mirin. Kun ce kifi da ganye, to da me aka dafa su? Mirin na asali giyar shinkafa ce mai zaƙi, barasar cikinta ta kai kashi 14 cikin ɗari, kuma da ita da wata giyar shinkafar da suke kira sake ake dafa kusan duk wani abu mai romo a ƙasar nan. Ni shawarata ya nemi masauki mai kicin, akwai irinsu a Yunomine da Hongu, su tafi da kayan miyarsu su dafa abin da suka sani.

Injiniya, Nagoya: Malamai sun saɓa a kan wanda aka dafa har ya ƙone, ka sani Malam. Ko soya sos ɗin da ke kicin ɗinka akwai ɗan abin da tsimuwa ta haifar a ciki.

Ustaz, Sendai: Wanda ya samu da kansa daban, wanda aka ɗauko kwalba aka zuba daban.

Anti Hajiya, Kobe: Ku saurara, ni na bi ta tsakiya kuma ta ɓulle. Na rubuta musu cewa ba ma son a dafa mana da mirin ko sake. Gida ɗaya suka ce ba za su iya ba, suka ba da haƙuri, ban ga laifinsu ba, gara haka da a amsa a kasa. Na biyu suka karɓa. Abin da aka ajiye mana: kifin kogi amago an soke shi a tsinke an gasa da gishiri kawai, tofu a ruwan zafi, ganyayen dutse an soya da ƙullu, shinkafa, da umeboshi, wani ɗan itace da ake tsimawa da gishiri, mai tsamin da sai da na runtse ido. Da safe kunun shinkafa da aka dafa da ruwan maɓuɓɓugar. Da za mu fita ta ƙunsa mana mehari-zushi, curin shinkafa a naɗe da ganyen takana, shi ma ta ce na gidanta ne, gishiri kawai ta sa.

Matar ta haura saba'in. Da ta gama raba abinci sai ta durƙusa a bakin ƙofa da farantinta a cinya, ta tambaye ni ko ba na jin zafi da mayafi, ko a garinmu ana noman shinkafa, wa ke dafa wa maigida da na taho. Mijinta ya ɗauko hotunan ambaliyar Satumbar 2011 ya nuna mana inda ruwa ya kai a garin. 'Ya'yansu duk suna Osaka, makarantar da suka yi an rufe ta don babu yara. Ƙanena, kai ka ce ƙauye kake son Maman Walid ta gani. In kuka kulle kanku a kicin kuna dafa taliya da yaji, dutse da itace kawai za ta gani, waɗannan kuwa akwai su a bayan Kobe. Ko dare ɗaya ne ku ci a teburin mutane.

Ustaz, Sendai: In sun yarda sun cire, ai ba ni da magana, Hajiya.

Injiniya, Nagoya: Gargaɗi ɗaya ga mai son ɗaki ba abinci: Yunomine da dare ba inda za ka saya, kantunan da wuri suke rufewa. Ka yi sayayya tun a Tanabe. Abin da ba ya yankewa shi ne ƙwai. A tsakiyar ƙauyen akwai Yuzutsu, wata rijiya mai murabba'i da ruwanta ya kai digiri 90. Kanti na sayar da ƙwai a raga, ka ɗaure a ƙusa ka zura, bayan minti goma sha wani abu ka ciro dafaffe. Ana sa dankali ma, shi dai yana daɗewa. Riƙe hannun Walid da kyau a wurin.

Ɗan Maraɗi, Tsukuba: Ni da kilishina zan tai, in huta da wanga lissahi duka.

Admin: Ɗan Maraɗi, in kana da kilishi a ƙasar nan kada ka faɗa a rubuce. An hana shigo da nama kowane iri, karnukan filin jirgi ba sa karɓar haƙuri. Masu zuwa daga gida a kiyaye, tarar ba wasa ba ce.

Baban Walid, Osaka: Hanya fa? Ba ni da mota.

Injiniya, Nagoya: Jirgin Kuroshio daga Shin-Osaka ko Tennoji zuwa Kii-Tanabe, awa biyu da ɗoriya. A gaban tashar akwai ofishin baƙi, ka karɓi jadawalin bas a takarda. Daga nan bas kusan awa biyu zuwa Hongu, wasu suna bi ta Yunomine da Kawayu, wasu ba sa bi, ka tambayi direba. Hanyar kwana-kwana ce, a ba Walid maganin amai, a zauna gaba. Akwai wata bas daga Yamato-Yagi a Nara da ke ratsa Totsukawa har Shingu, sama da awa shida, ita ce mafi tsawo a ƙasar cikin waɗanda ba sa hawa babbar hanya. Don nishaɗi ce, ba da yaro ba.

Tafiyar ƙafa kuma, manta da wadda ke farawa daga Takijiri zuwa Hongu, kusan kilomita 38 ce, kwana biyu. Ku hau bas zuwa Hosshinmon-oji ku gangaro Hongu, kilomita bakwai, rabi ta cikin ƙauyuka da gonakin shayi, rabi ta daji. A bakin hanya za ku ga 'yan rumfuna ba mai tsaro, an jera umeboshi da shayi da sassaƙen katako, ga gwangwanin jefa kuɗi a gefe, don haka ku riƙe silalla. A Fushiogami akwai wurin hutawa, daga nan ake fara hango ƙofar Oyunohara can ƙasa a kwari. Walid zai yi rabi da ƙafarsa, sauran rabin kai da Allah.

Dakta, Kyoto: Ka nuna masa hankaka mai ƙafa uku, Yatagarasu, yana ko'ina a garin, har a kan akwatin wasiƙa. Shi ne a rigar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Japan, yaro zai gane shi. Kuma cibiyar tarihi da ke tsallaken titi daga wurin bautar kyauta ce, da bayani da Turanci. Wanda bai son hawa matakalar zai iya zama a can.

Baban Walid, Osaka: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun yi shawara da Maman Walid. Na aika buƙata: daren 12 a minshuku a Yunomine da abinci, na rubuta ba nama, ba hamu, ba mirin, ba sake, da wanka mai sakata. Daren 13 a Kawayu. Ranar 14 mu juyo, ba za mu tsaya na 15 ba. Ita ta ce filin Oyunohara za ta je, matakalar kuwa ba da ita ba. Ni ban yanke ba tukuna, zan yi magana da limaminmu ranar Juma'a kamar yadda Malam ya ce. Anti, in sun ƙi maganar mirin zan nemo ki ta akwatin sirri ki taya ni rubuta ta da Japananci.

Anti Hajiya, Kobe: Turo kawai. Kuma ku tafi da tsabar kuɗi, ba kowane gida ke karɓar kati ba. Ɗan tsaraba ma ga matar gidan ba laifi, ko dabino ne.

Sabon Ɗalibi, Niigata: Salam, ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni Togakushi nake son zuwa a Nagano, an ce a can gidajen masu hidimar wurin bautar ne da kansu ake kwana a ciki. Hukuncin ɗaya ne da wannan?

Admin: Wannan sabuwar magana ce, ƙanena, kuma na ga Ustaz ya fara rubutu. Buɗe mata nata wurin daban, a bar wannan ga masu neman bayanin Hongu.